Neman shawara: na gina ɗakin kwana a bayan motata Kanta, amma jijjiga tana neman karya mini ƙugu

Mai Famfon Sola, Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum 'yan uwa, manya da ƙanana. Sana'ata haƙa tubwel da haɗa famfon sola ga manoman shinkafar rani, daga fadamar Argungu har Suru da Bagudo, wani lokaci Yauri. Aiki kan riƙe mu kwana da kwanaki a daji, shi ya sa na sayi Mitsubishi Canter, wato Kanta, a hannun wani mai jigilar shanshera, na sa mai walda ya sauke bodin ya gina mini ɗaki a baya. A ciki akwai gado, batir huɗu na sola, janareto da akwatin kayan aiki. A kan rufi akwai farantan sola da bututai. Can ƙarshen baya kuma na ɗaura tankin ruwa mai cin lita 500.

Ɗakin ya biya buƙata, tafiyar ce ta zama azaba. Ko ƙaramin rami na faɗa sai na ji dukan har tsakiyar kaina. A kan burji kofuna suna zubowa, ƙusoshin gado suna kwancewa. In na ɗauki kwana, ko tirela ta gifta ni a hanyar Jega zuwa Koko, motar sai ta yi tangaɗi, sitiyari ya yi sakayau a hannuna. In na sauko kuwa sai na dafa ƙofa kafin ƙuguna ya miƙe. Mai faci yana ba tayoyin iska 100 duka, gaba da baya. Don Allah wanda ya san hanyar gyara ya taimaka, ba na son zubar da kuɗi a inda ba nan ciwon yake ba.

Ɗan Tasha, Jega:
Wa alaikumus salam. Lodi ya fi ƙarfin sifirin, wato fallayen ƙarfen nan da ke ɗauke da nauyin mota a ƙasa, maigida. Ka ƙara falle biyu kowane gefe, magana ta ƙare. Haka kowa yake yi.

Baba Makanike, Argungu:
Ɗan Tasha, dakata tukuna. Kowa yana yi ne saboda kowa buhuna yake jibga wa motarsa. Wannan bawan Allah gado ya ɗauko.

Ɗana, ka ce a hannun mai shanshera ka saya. Kafin komai ka shimfiɗa kwali ka shiga ƙarƙashinta da tocila, ka ƙirga fallayen sifirin na baya. Ka dubi launinsu da kaurinsu da yadda aka yanke bakinsu. In ka ga waɗansu sun bambanta da sauran, bakinsu yankan wuta ne ba na kamfani ba, to ƙari ne. Masu jigilar shinkafa ba sa barin mota yadda ta zo. Sifirin da aka yi wa ƙari don ya ɗauki lodi mai nauyi, in ka ɗora masa rabin wannan nauyin da ƙyar zai lanƙwasa, kuma abin da sifirin bai shanye ba jikinka ne zai sha. Ka ƙara masa falle yanzu, sai dai ka ƙara wa ƙugunka ciwo.

Ka dubi ƙaramin sifirin na sama kuma, wanda muke ce wa helfa. In akwai 'yar tazara tsakaninsa da mazauninsa, kuma wurin ya yi ƙyalli saboda gugar ƙarfe, to duk ramin da ka faɗa yana bugawa ne ya saki. Wannan dukan shi ke hawa kai.

Mai Famfon Sola:
Allah ya ƙara girma, Baba. Yanzu na fito daga ƙarƙashinta. Falle uku a kowane gefe ba irin sauran ba ne, sun fi kauri, bakinsu duk ƙuna. Helfa ma wurin ya yi fes kamar yadda ka faɗa. In sa a cire ke nan?

Injiniya, Zuru:
Malam, kada ka cire komai sai ka hau sikeli. Baba ya yi gaskiya, amma har yanzu babu wanda ya san nauyin motar nan a cikinmu, har da kai. Manyan kamfanonin casar shinkafa suna da sikelin auna motoci, ka nemi alfarma. Ka je da ita yadda kake fita aiki, tanki cike, yaranka a gaba. A auna tayoyin gaba su kaɗai, a auna na baya su kaɗai. Sannan ka zubar da ruwan tanki a maimaita. Ka kwatanta da abin da ke rubuce a farantin kamfani da ke jikin motar.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a bayaninka ba dukan ba ne, sitiyarin da ke yin sakayau ne. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ka ga tankinka rabin tan ne, kuma ka rataye shi bayan aksil ɗin baya, wato ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya. Duk nauyin da ya wuce tayoyin baya yana ɗaga gaban mota ne, tayoyin gaba su rage kama ƙasa, da su kuwa kake juyawa, su ne kuma ke yin kaso mai yawa na aikin birki. In ruwan ya koma rabi abin ya fi muni, domin kai ka gama kwana shi bai gama ba, yana tambal-tambal yana jan motar gefe. Matanmu in sun ɗebo ruwa a daro sukan jefa ƙoƙo ko ganye a kai don kada ya yi musu wasa a ka. Tankin mota ma haka yake so, a raba cikinsa da faranti masu huji. In na roba ne da ba ya rabuwa, ka canza shi da ƙanana biyu, ka riƙa shan ɗaya har ya ƙare kafin ka taɓa ɗayan.

Tanki da batir su dawo ƙasa, tsakanin tayoyin gaba da na baya. Batir ɗin sola irin na tubula mai 200Ah yana kusan kilo 60, guda huɗu ba wasa ba ne. Bututan kan rufi ma a nema musu wuri a gefen shasi, wato ƙashin ƙarfen da jikin mota ke zaune a kai. Farantan sola kaɗai za su zauna a sama.

Mai Faci, Kamba:
Ni ta wajen taya zan shigo. Lambar da ke jikin taya ita ce iyakar iskar da za ta ɗauka in an yi mata cikakken lodi, ba ita ce ta kullum ba. Abokan sana'ata da yawa sun saba da motocin kaya, sai su cika ta tam. Ka samu alli ka ja layi a faɗin taya, ka yi 'yar tafiya miƙe a kan kwalta. In tsakiya ta goge gefe bai goge ba, iska ta yi yawa. Ka riƙa rage 5, kana gwadawa. Da safe ake awo kafin rana ta taɓa tayar. In ka yi tafiya iska takan hau saboda zafi, kada ka sace ta a lokacin.

Amma ka ji tsoron ragewa da yawa, musamman a watan Afrilu da kwaltarmu ke tafasa. Taya mai ƙarancin iska ita ke yin zafi ta fashe. Tagwayen baya kada kumatunsu su taɓa juna, kuma iskarsu ta zo ɗaya. Ka duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT da ke jikin tayar, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. 'Yan Rod Sefti shekara huɗu suke ba taya.

Ɗan Tasha:
To ai akwai balan-balan ɗin iska da Turawa ke sa wa motocin da ke ɗaukar ɗaki irin wannan. Ya yi oda kawai.

Injiniya:
Akwai shi, yana kuma aiki. Amma an yi shi ne don motar da bayanta ya zauna saboda nauyi, ya ɗaga ta ta daidaita. Tasa ba zama ta yi ba, sandarewa ta yi. Ko an sa shi ba ya ƙara wa mota iyakar lodin da kamfani ya yanka mata. Sannan in ƙaya ko dutse ya huda shi a fadamar Suru, wa zai gyara?

Tsohon Direba, Yauri:
Ƙanena, na daɗe ina jan irin motar nan. Direban Kanta a kan tayar gaba yake zaune, komai ka gyara a baya sai ka sha naka rabon. Ka nemi kujera mai sifirin a ƙarƙashi wajen masu kayan gwanjo na manyan motoci, amma ka auna kada kanka ya riƙa taɓa rufi, a kuma ɗaure ta da noti mai kyau tare da bel. Ka shafa shokazoba, in ka ji mai ya jiƙa jikinta ta mutu. Ita ba ta ɗaukar kaya, aikinta hana mota ci gaba da rawa bayan rami. Ka canza su bibbiyu, da robobin bushin gaba ɗaya. Abu ɗaya kuma nake roƙonka: kada yaro ya kwanta a ɗakin nan mota tana tafiya.

Mai Famfon Sola:
Jama'a na dawo daga sikeli. Da ruwa cike: gaba kilo 1,750, baya 2,900. Da na zubar: gaba 1,900, baya 2,250. Farantin motar ya ce iyakarta 6,500 gaba ɗaya. Tsohon Direba, na karɓa, yara a gaba za su riƙa zama.

Injiniya:
Ka gani da idonka. Ruwan kilo 500 ya ɗora wa baya 650, ya sace wa gaba 150. Tankin nan shi ne aikin farko. Kuma da saura mai yawa kafin ka kai iyakar motar, don haka maganar Baba ta tabbata.

Baba Makanike:
To ɗana, ga yadda za ka bi. Ka matsar da tanki da batir, ka gyara iska, ka yi tafiya ka ji. Bayan nan sai a zare fallaye ukun nan, a mayar da sifirin yadda kamfani ya yi shi. Kada ka yarda a taɓa na asali, kada kuma wani ya gasa falle da wuta wai zai gyara lanƙwasarsa, ƙarfen zai mutu. A sa sabon sentabol, wato notin tsakiya da ke haɗa fallayen, da sababbin yubol, ƙarafa masu siffar U da ke ɗaure sifirin a jikin aksil, daidai da sabon kaurin, bayan tafiyar farko ka dawo a ƙara ɗaure su.

Ka tambayi mai waldarka yadda ya zaunar da ɗakin. In walda ya yi kai tsaye a jikin shasi, a yanke a sake. Shasi yana murɗawa a kan gargada, ɗaki ba ya murɗawa, dole ɗaya ya tsage. A shimfiɗa katako mai ƙarfi ko roba mai kauri tsakaninsu, a ɗaure da yubol. Ka turo hoton wurin in gani kafin ka biya kowa ko kwabo.