Me ke sa ƙananan jirage kutsawa sararin da aka hana da daddare?

Mai koyon tuƙi:
Assalamu alaikum. Ina koyon tuƙin ƙaramin jirgin sama a Amurka, kuma na kusa fara darussan dare. Abin da ke damuna shi ne yadda ƙwararrun matuƙa ke kutsawa sararin da ba a ba su izinin shiga ba, alhali ga na'urar GPS a gabansu. Shin sakaci ne tsagwaronsa, ko dare yana da wata illa tasa ta daban?

Malamin tuƙi:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Akwai sakaci, amma ba shi kaɗai ba ne. Sararin da ke kewaye da manyan filayen jiragen Amurka, wanda ake kira rukunin B, hawa-hawa ne, yana ƙara faɗi yayin da ake yin sama, saboda haka ƙaramin jirgi kan bi ta ƙarƙashinsa ba tare da buƙatar izini ba. Da daddare matuƙi ba ya ganin tuddai da dogayen turakun sadarwa sosai, sai tsoro ya sa ya ɗan ƙara tashi, kuma ƙafa ɗari biyu kacal na iya jefa shi cikin hanyar manyan jiragen fasinja. Ga shi ido yana buƙatar kusan minti 30 kafin ya saba da duhu, idan kuwa hasken allon na'urorin jirgi ya yi yawa, ya ɓata wannan sabon.

Tsohon matuƙi:
Malam ya yi gaskiya, sai dai ni abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ruɗewar jiki. A ranar 16 ga Yuli, 1999, John F. Kennedy ƙarami, ɗan tsohon shugaban Amurka, ya faɗa teku kusa da tsibirin Martha's Vineyard a jirginsa Piper Saratoga, ya rasu tare da matarsa da 'yar'uwarta. Dare ne mai hazo, wanda ya san hazon hunturu a Kano zai gane yadda sama da ƙasa ke haɗewa, kuma Kennedy ba shi da shaidar tuƙi da na'urori zalla. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta gano cewa ya kasa tantance ko jirginsa a daidaite yake ko a karkace, domin cikin kunne ba ya jin karkata idan a hankali take zuwa. Wanda ke fama da wannan ba zai tuna da iyakar sarari ba.

Mai kula da zirga-zirgar jirage:
Ɗan'uwa, shawarata ita ce ka nemi mu riƙa bin ka a na'urar rada tun daga tashinka. Idan ka ɓata, ka faɗa nan take, ko da a mitar rediyo ta gaggawa, 121.5, ce, domin jirgin da ya yi shiru shi ne yake tilasta mana karkatar da jiragen fasinja. Idan kuma kuskuren ya riga ya auku, ka aika da rahoto ga shirin rahotannin lafiyar jirage na NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, cikin kwana 10.