Allurar MOTS-c da ake tallatawa don suga, akwai wanda ya san ta?

Abban Hafsa, Unguwar Rimi

Assalamu alaikum jama'a. Shekarata 46. An auna min suga kafin karin kumallo ya nuna 118, likita ya ce ciwon bai kama ni ba tukuna, amma jikina ya fara daina jin insulin, sinadarin da ke rage suga a jini, in rage tumbi. Da wannan ciwon mahaifiyata ta rasu, sai da aka yanke mata ƙafa, shi ya sa hankalina ya tashi.

Wani yaro da muke motsa jiki tare a Murtala Square ya nuna min wata 'yar kwalba da ɗan farin gari a gindinta, an rubuta MOTS-c. Ya ce daga waje ake odarta, a zuba ruwan allura a tsira a fatar ciki, wai ko ba ka motsa ba za ta ƙona maka kitse. Kuɗin kwalba ɗaya ya kusa na buhun shinkafa. In saya ko in haƙura?

Baban Khalil, mai haɗa magunguna, Kawo

Wa'alaikumus salam, Allah ya jiƙan Hajiya. Malam, MOTS-c ba ƙarya ba ce, jikinka ma yana yin ta. A cikin ƙwayoyin halittarmu akwai ƙananan sassa da ake kira mitokondiriya, su ke ƙona abinci su mayar da shi ƙarfi, kuma daga uwa kaɗai ake gadonsu. A 2015 ne Changhan Lee da Pinchas Cohen na Jami'ar Kudancin Kalifoniya suka gano cewa waɗannan sassa suna ɗauke da umarnin haɗa wani guntun furotin mai amino asid 16. Suka ɗura wa ɓeraye abinci mai maiƙo suna yi musu allurarsa, ɓerayen ba su yi ƙiba ba, tsokarsu ta ci gaba da jan suga daga jini. Yana aiki ne ta hanyar tayar da wani sinadari, AMPK, wanda maganin suga na metformin ma ke taɓawa.

To amma fa ɓeraye na ce. Wani kamfanin Amurka, CohBar, ya gwada samfurin MOTS-c da ya yi wa gyara, CB4211, a kan mutane ƙalilan. Har an taɓa dakatar da gwajin saboda matsalar da ake samu a wurin da aka tsira allurar. Sakamakon farko ya fito a 2021, daga nan maganar ba ta ƙara gaba ba. Hukumar magunguna ta Amurka ba ta amince da MOTS-c a matsayin magani ba. Ka karɓi kwalbar ka juya ta, ina kyautata zaton za ka ga an rubuta don bincike kaɗai, kuma ba za ka ga lambar NAFDAC ba. Wa ya auna abin da ke ciki? Ga shi in an haɗa ta da ruwa sai firiji, kai ka san yadda wuta take a garin nan.

Sadiq_Barnawa

Ni na yi amfani da ita kuma na rage nauyi sosai, ba labari aka ba ni ba. In ba ta aiki me ya sa WADA, hukumar hana shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta duniya, ta haramta wa 'yan wasa ita a 2024?

Baban Khalil

Sadiq, ƙanena, tsakaninka da Allah, lokacin ba ka daina shan lemon kwalba ba? Ba kullum kake ɗaga ƙarfe ba? Wanda ya kashe wannan kuɗin ba ya komawa gida ya zauna gaban malmala uku. WADA kuwa takan hana abu tun ana zargin zai ƙara wa ɗan wasa ƙarfi, ba ruwanta da ko yana warkar da suga.

Abin da ya fi burge ni shi ne binciken 2021: an sa matasa tuƙa keken motsa jiki, aka ɗebi ɗan naman cinyarsu, MOTS-c ɗin da ke tsokar ta ninka kusan sau 12. Kuma tun 2002 aka fitar da sakamakon gwaji a kan mutum fiye da 3,000 masu irin matsalar Abban Hafsa a Amurka. Waɗanda aka ɗora kan tafiyar minti 150 a mako da rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58. Masu shan metformin, kashi 31.

Maman Ummi, Tudun Wada

Yaya, ka riƙe kuɗinka ka sayi na'urar auna suga. Ni na daɗe da ciwon. Tuwon dare na rage, na koma wake da ganye, bayan sallar isha'i in zaga layinmu. Ka nemi a yi maka gwajin HbA1c, shi ke nuna sugan wata uku, daga 5.7 zuwa 6.4 shi ne matakin da likitanka ke nufi.

Abban Hafsa

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na tura wa yaron ya ɗauko min hoton bayan kwalbar, ga rubutun nan kamar yadda Baban Khalil ya faɗa. Hajiya, shi wannan gwajin sai da yunwa ake zuwa?

Maman Ummi

A'a, ka ci abincinka ka tafi, kowane lokaci ana yi.