Tantanin da ke lulluɓe da 'ya'yan maraina: ta yaya zan riƙe jerinsu?

Ɗalibi_KT: Assalamu alaikum. Ina karatun jinya a nan Katsina, jarrabawa ta matso. Malamai, wane ne ke biye da wane daga fata zuwa ƙwan maraina, kuma a ina ruwan gwaiwa ke taruwa?

Malam_Tiyata: Wa alaikumus salam. Ƙanena, bar hadda, kama asali. A cikin ciki ƙwan yake samuwa, kusa da ƙoda, sai ya gangaro ta kafar hantsa wajen wata na 7 zuwa na 8 na juna biyu, yana tura bangon cikin gabansa kamar hannu cikin safa. To duk shimfiɗar da ya turo ita ce rigarsa. Daga waje: fata, sai tsokar datos mai tattare fatar lokacin hunturu. Sai tantani uku: na waje daga tsokar ciki ta sama, na tsakiya mai tsokar kiremasta daga tsokar ciki ta biyu, na ciki daga tantanin bayan tsokoki. Bayansu tunika bajinalis, ragowar shimfiɗar cikin ciki, ninki biyu ce. Sannan tunika albujiniya, fara mai tauri, manne da ƙwan. Tsakanin ninki biyun tunika bajinalis ruwan gwaiwa ke taruwa. Haska tocila a ɗaki mai duhu: ruwa na barin haske ya ratsa, ƙari ba ya bari.

Nas_Daura: Ƙari kan bayanin Malam, kada ka raina kiremasta. Ita da datos ke riƙe ƙwan ƙasa da zafin jiki da digiri 2 zuwa 3, sai da haka maniyyi ke samuwa. Shafa cinya ta ciki, ƙwan ɓangaren zai ɗaga. Yaro ya zo da ciwo farat ɗaya, da amai, ƙwan ya hau sama kuma an shafa cinyar bai motsa ba? Murɗewar igiyar ƙwan ce har sai an tabbatar ba ita ba. Kusan awa 6 gare ka kafin ƙwan ya mutu saboda yankewar jini. Don Allah kada a tsaya gashi ko jiƙo, a wuce asibiti.

Malam_Tiyata: Haka ne, Hajiya. Kuma ciwon fatar maraina kaluluwar hantsa yake tayarwa, na ƙwan kuwa can cikin ciki yake zuwa, gefen babbar jijiyar jini. Shi ya sa in ana zargin ciwon daji a ƙwan, ta hantsa ake yanka, ba ta jakar ba.