Masu koyon rediyolojin aiki ta jijiya (yin magani ta cikin jijiyar jini ana kallo a hoton X-ray): ina kuka tsaya da bincike, wa ke riƙe hannunku?

Ɗalibi, shekara ta biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Hannuna ya fara faɗawa a aikin. Huda jijiya da allura, zura waya, bi da kateta (siririn bututu), dabarar nan da likita Seldinger ya fito da ita a 1953, yanzu ba na fargabarta. Amma takardar bincike ko ɗaya ban kammala ba. Na so in rubuta a kan matan da muka toshe wa jijiyoyin da ke ciyar da ƙarin mahaifa. Da na buɗe fayil-fayil, sai na tarar daga ranar sallama sun koma hannun likitocin mata, kuma ba a rubuta ko zubar jinin ta ragu bayan wata shida ba. Hotunan ranar aiki kawai ke hannuna. Ku ma haka kuke fama?

Mai shekara ta uku:
Wa alaikumus salam. Ni lokaci ne matsalata. Ranar da aka ware min ta bincike, da an kawo mai zubar jini ko wanda fitsarinsa ya toshe ana neman sa masa bututu a ƙoda, ni ake kira. Ka wuni da rigar dalma a kafaɗa, ka dawo bayanka na ciwo, ina ƙarfin buɗe kwamfuta?

'Yar'uwarku a sashe:
Tawa daban ce, kuma har yau tana min ciwo. Da na samu juna biyu, babu mace ko ɗaya a manyanmu da zan tambaya. Aka cire ni daga ɗakin aiki, aka kuma cire sunana daga binciken da na fara tattara bayanansa, wai don lafiyata. Daga baya na karanta da kaina cewa hukumar ICRP, ta duniya mai ba da shawara kan kariya daga radiyeshan, ba ta ce a kori mai ciki ba, cewa ta yi kada hasken radiyeshan da ke isa ga ɗan tayi ya wuce kusan milisibat 1 (ma'aunin radiyeshan) daga lokacin da ta sanar. Da rigar kariya, da na'urar auna haske a ƙarƙashinta, da nisantar bututun hoton, mata da yawa suna ci gaba da aiki. Da na samu wadda ta riga ni bin hanyar, da ban rasa shekara guda ba.

Sabon shiga:
Mu babban likita ɗaya gare mu. Mutumin kirki ne, amma shi ke aiki, shi ke karanta hotuna, shi ke zaman taro. Daftarina ya yi wata uku a teburinsa. Ga jiran kwamitin ɗa'ar bincike, ga rashin masanin ƙididdiga, ga kuɗin da wasu mujallu ke nema kafin su buga.

Babban likita:
Ƙannena, na ji ku, kuma muna da laifi. Mun iya koyar da hannu, mun yi sakaci da koyar da alƙalami. Kai mai shekara ta biyu, matsalarka ce na fi so a gyara. Lokacin da Dotter, likitan da ya fara wannan fanni, ya buɗa jijiyar ƙafar wata tsohuwa a Oregon a 1964, abin da ya ba aikin daraja shi ne an bi ta an ga ƙafar ta warke, ba a yanke ba. Ka nemi izini ka riƙa ganin marasa lafiyarku a asibitin waje, ko da rabin yini a mako, da fom ɗaya na tambayoyi. Jagora kuma ba dole sai na sashenku ba: ƙungiyoyin likitocin fanninmu, SIR a Amurka da CIRSE a Turai, duk suna da ɓangaren masu koyo. 'Yar'uwa, sunanki ya kamata ya koma kan takardar nan.

Ɗalibi, shekara ta biyu:
Na gode, ranka ya daɗe. Gobe zan samu shugabar sashen mata a kan fom ɗin, in ta yarda mu haɗa sunayenmu a binciken.