Kwamfuta mai inci 15.6 ko ƙarama: wacce ta dace da mai yawon ƙauyuka a kan babur?

Malamin Gona, ƙasar Ringim:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan kwamfutar tafi-da-gidanka, musamman waɗanda ke ɗaukar ta kullum zuwa wurin aiki. Ni malamin gona ne, kuma aikina shi ne zagaya ƙauyukan da ke tsakanin Ringim da Taura a kan babur, ina yi wa manoman shinkafa da alkama da riɗi rajista, ina shigar da sunayensu da girman gonakinsu da abin da suka karɓa na iri da taki a cikin Excel, sannan in aika rahoto idan na dawo inda ake samun sabis mai ƙarfi.

Kwamfutar da ke hannuna tsohuwa ce mai inci 15.6. Ina jin daɗin faɗin fuskarta da madannan lambobi da ke gefen dama, amma nauyinta ya fara damuna, domin idan na haɗa ta da caja da littattafan rajista da gorar ruwa a jakar goyo, kafin la'asar kafaɗuna da ƙuguna sun ɗauki ciwo, balle a hanyar burji mai ramuka. Batirinta kuma ya mutu murus. Na tara abin da zai saya mini wata ta hannu, amma na rasa inda zan sa gaba: wasu na cewa in koma mai inci 13 in huta, wasu na cewa rubutunta zai yi mini ƙanƙanta kuma ba ta da ƙwari. Wane girma ne ya fi dacewa da mai aiki irin nawa, kuma bambancin nauyin ya kai a sadaukar da faɗin fuska saboda shi?

Mai gyaran kwamfuta, Dutse:

Wa alaikumus salam, Malam. Abu na farko da ya kamata a fahimta shi ne, incin da ake faɗa awon fuska ne daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta, ba faɗin gangar jikin kwamfutar ba, kuma ba ya nuna nauyinta kai tsaye. Inci ɗaya santimita 2.54 ne, saboda haka mai inci 15.6 tana kusan santimita 40 a karkace, mai inci 14 kuma kusan 36. A gangar jiki, mai inci 13.3 ba ta fi takardar A4 da yawa ba, tana shiga duk jakar da fayil ke shiga, mai inci 14 ta ɗan fi ta kaɗan, mai 15.6 kuwa sai an nemo mata jakarta ta daban.

Game da nauyi, tsofaffin masu inci 15.6 da ke da wurin saka faifan DVD yawanci sun haura kilo 2, kuma ina kyautata zaton taka tana cikinsu. Masu inci 14 na ofis sun fi sauƙi ƙwarai: HP EliteBook 840 G5 tana wajen kilo 1.5, Lenovo ThinkPad T480 wajen kilo 1.6, Dell Latitude 7490 wajen kilo 1.4. MacBook Air mai inci 13.3 ta shekarar 2020 kilo 1.29 ce, ThinkPad X1 Carbon kuwa, duk da cewa inci 14 ce, wajen kilo 1.1 take. Ka ga ke nan babban rangwamen yana tsakanin tsohuwarka da mai inci 14, inda za ka sauke fiye da rabin kilo, wato fiye da nauyin ledar fiya-wata guda da kake goye da ita tun safe har yamma. Daga 14 zuwa 13 kuwa, abin da za ka rage bai cika wuce giram 200 ko 300 ba, alhali fuskar ta ragu sosai. Shi ya sa ni inci 14 nake ba mai aiki irin naka shawara.

Maganar ƙanƙantar rubutu kuma, yawan ɗigon fuska ya fi incinta tasiri a kan yawan abin da za ka gani. Yawancin tsofaffin masu inci 15.6 masu araha 1366 a 768 suke, wato ɗigo 1366 a kwance da 768 a tsaye, alhali masu inci 14 da na ambata ana samun su da 1920 a 1080. Fuska mai 1920 a 1080 tana iya nuna maka layukan Excel fiye da na tsohuwarka duk da cewa ta fi ta ƙanƙanta, kuma idan rubutu ya yi ƙarami akwai inda ake ƙara girmansa zuwa kashi 125 ko 150 cikin ɗari a saitin Windows. Sai dai ka duba da idonka kafin ka biya, domin samfuri ɗaya yakan zo da fuska iri biyu.

Abin da ya fi damuna da aikinka ma ba nauyin ba ne, girgizar babur ce. Kada ka yarda ka sayi wadda ke da ma'ajiyar HDD, domin a cikinta akwai faifai da ke juyawa sau 5400 a minti da allurar da ke karanta shi, kuma jijjiga da buguwa su ne manyan abokan gabarta. Ɗaya nau'in ma'ajiyar, wato SSD, ba ta da wani abu mai motsi, ta fi sauri, ta fi sauƙin nauyi, kuma ba ta jan batir da yawa. Haka kuma ka riƙa kashe kwamfutar gaba ɗaya kafin ka saka ta a jaka, domin wadda aka rufe kawai takan farka a cikin jakar ta ɗauki zafi, ba inda iska za ta fita.

Sai dai siranta ma tana da kuɗinta. Masu sauƙin nauyi ƙwarai, kamar X1 Carbon da MacBook Air, an liƙe RAM ɗinsu, wato ma'adanar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, a jikin babban allon ciki, ba a ƙara shi, kuma idan ya lalace gyaran ya zama babba. T480 da EliteBook 840 G5 kuwa suna da gurbi biyu na RAM, ana buɗe su da sukundireba, kuma kayansu sun fi samuwa a Kano, a wurare irin su Farm Centre. Mutumin da ke zaune a ƙauye ya kamata ya sa wannan a lissafi, tunda kowane gyara kuɗin mota ne da asarar wuni. A ƙarshe, Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 a hukumance tana bukatar injin kwamfutar, wato ƙwaƙwalwarta, idan na kamfanin Intel ne, ya zama zubi na 8 zuwa sama, saboda haka ka nemi wadda lambar injinta ta fara da 8, kamar i5-8250U ko i5-8350U, ko wadda ta fi wannan sabunta.

Tsohon Hedimasta, ƙasar Gaya:

Assalamu alaikum. Mai gyara ya yi bayani mai gamsarwa, Allah ya ƙara basira, amma ina da ja a wuri guda. Ɗana Malamin Gona, ba ka faɗa mana shekarunka ba, kuma ba ka faɗa mana halin da idonka yake ciki ba. Gaskiya ne ana ƙara girman rubutu, to amma da zarar ka ƙara shi, layukan da aka ce za ka samu sun ragu, ka koma kusa da inda ka fito. Mutumin da ya haura shekara arba'in yakan fara nisanta takarda daga fuskarsa kafin ya karanta, kuma aikin rajista aiki ne na ƙananan lambobi, wanda kuskuren sifili ɗaya a cikinsa kan iya hana manomi haƙƙinsa na taki.

Sannan kada ka raina madannan lambobin nan na gefe. Na daɗe ina shigar da makin jarrabawar ɗalibai, kuma na san yadda hannu ke sabawa da su har mutum ya daina kallo. Masu inci 13 da 14 ba su cika zuwa da su ba. A ganina ciwon kafaɗarka daga jaka yake, ba daga kwamfutar kaɗai ba. Ka nemi jakar goyo mai faffaɗan hannu da soso a ciki, wadda ke da maɗaurin ƙirji ko na ƙugu, ka sa kwamfutar ta jingina da bayanka, littattafan rajista da ruwa kuwa ka ɗaure su a kariyar babur tunda su girgiza ba ta cutar da su. Akwai kuma sababbin masu inci 15.6 da ba su da wurin DVD, waɗanda ba su kai kilo 2 ba. Ka gwada ɗaga ɗaya kafin ka yanke hukunci.

Ma'aikaciyar bayanan lafiya, ƙasar Hadejia:

Assalamu alaikum. Baba Hedimasta, ranka ya daɗe, maganarka a kan ido abin dubawa ce, amma ina roƙon a ba ni dama in faɗi abin da na gani a aikina, domin ni ma yawo nake yi tsakanin ƙananan asibitocin karkara ina tattara alƙaluman rigakafi da awon ciki, wani lokaci a motar haya, wani lokaci a bayan ɗan acaɓa.

Malam, ka auna jakar gaba ɗaya, ba kwamfutar ita kaɗai ba. Ka je wurin mai sikeli a kasuwa ka ɗora jakarka yadda kake fita da ita, sannan ka riƙa cire kayan ɗaya bayan ɗaya, gani ya kori ji. Caja mai wat 65 da wayoyinta takan kai giram 300, kuma wanda batirinsa ya mutu dole ya ɗauke ta ko'ina, wani lokaci har da doguwar waya ta jona wuta. Wanda batirinsa ke kai shi wuni kuwa yana iya barin cajar a gida. Saboda haka lafiyar batir ita ma rage kaya ce, kuma a ƙauyukanmu da wutar lantarki ba ta da tabbas, kwamfuta mai faɗin fuska da ta mutu tun hantsi ba ta da amfani ga manoman da suka yi layi suna jiranka. Babbar fuska ta fi shan batir, musamman da yake a waje muke aiki, a gindin bishiya ko a ƙofar gidan mai unguwa, inda dole a ƙure haskenta kafin a ga rubutu. Ka nemi fuska mai dushi-dushi wadda ba ta ƙyalli, domin mai sheƙi kamar madubi takan gajiyar da ido a cikin rana fiye da yadda ƙanƙantar rubutu ke yi.

Tunda ta hannu za ka saya, kada ka dogara da bakin mai sayarwa a kan batir. Ka sa a buɗe Command Prompt, wato tagar da ake rubuta wa Windows umarni a cikinta, a rubuta powercfg /batteryreport, rahoton zai nuna ƙarfin da batirin ya zo da shi daga kamfani da kuma ƙarfin da yake iya ɗauka yanzu, sai ka kwatanta. Idan ka samu wadda ake yi wa caji ta USB-C, ka samu sauƙi biyu: ƙaramar caja ɗaya za ta ishi kwamfuta da waya, kuma fawa-bank mai ƙarfin da ya dace zai iya ƙara mata rai a hanya. T480 da mai gyara ya ambata tana da batir biyu, ɗaya a ciki, ɗaya a waje da ake cirewa ba tare da an kashe ta ba, kuma na wajen yana zuwa da girma daban-daban, sai dai babban yana ƙara mata nauyi da kauri.

Matsalar madannan lambobi kuwa tana da magani mai arha. Ana sayar da su daban, ƙanana ne masu jonawa ta USB, suna shiga aljihun jaka. Idan kuma akwai talabijin ko wata fuskar kwamfuta a gida ko a ofis, wayar HDMI za ta ba ka faɗin da ya fi inci 15.6 a lokacin da kake zaune kana haɗa rahoto. Wurin da nake zama in yi dogon aiki daban ne da wurin da nake ɗaukar kaya, shi ya sa na zaɓi ƙarama don hanya, babbar fuska kuma na bar ta a kan tebur.

Akwai kuma yanayinmu. A watan Afrilu zafi a nan yakan haura digiri 40, alhali kamfani irin Apple ya rubuta cewa a yi amfani da kwamfutocinsa tsakanin digiri 10 zuwa 35, kuma siraran kwamfutoci sukan rage gudu idan suka ɗauki zafi. Da hunturu ƙura takan toshe fanka, da damina kuma sai an nannaɗe ta a leda mai kauri kafin a saka a jaka. Wadda ake iya buɗe ƙasanta a hure ƙura cikin sauƙi ta fi dacewa da mu.

Malamin Gona, ƙasar Ringim:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Baba Hedimasta, shekaruna sun haura arba'in kuma ina sa tabarau idan zan yi karatu, saboda haka na cire mai inci 13 daga lissafi, shawarar ɗaure littattafai a kariya kuma zan fara aiki da ita tun gobe in Allah ya kai mu. Hankalina ya fi karkata ga mai inci 14 da SSD da fuska 1920 a 1080, tare da madannan lambobi na daban kamar yadda Malama ta ce, amma idan na shiga Kano zan tafi da fayil ɗin rajistata a filasha in buɗe shi a kan mai 14 da sabuwar mai 15.6, in gwada da tabarau a idona. Mai gyara, tambaya ɗaya ta rage mini: idan na samu T480 amma rahoton ya nuna batirin cikin ya yi rauni, zan iya wadatuwa da sauya na waje kawai?

Mai gyaran kwamfuta, Dutse:

Za ka iya, Malam, muddin na cikin bai kumbura ba. Ka duba ko wurin jan yatsa da ke gaban madannai ya taso ko murfin ƙasa ya buɗe baki. Idan ka ga haka, a cire shi kafin ka bar shagon, domin batirin da ya kumbura haɗari ne a cikin jakar da rana ke duka. Idan rauni ne kawai, na waje mai kyau zai ɗauki nauyin aikin, abin da za ka rasa shi ne damar sauya batir kwamfutar na kunne idan na cikin ya mutu gaba ɗaya. Ka kuma buɗe murfin ka rufe shi a hankali a gabansu, domin ƙarfen da ke haɗa fuska da gangar jiki yana cikin abubuwan da hanyar burji ke fara kwancewa.