Wace kalma za mu ba wannan jinyar?

Jama'a, kalma nake nema. Turawa suna cewa palliative care, wato kulawar da ake yi wa majinyacin da cutarsa ta daina jin magani. Ba a jingine jinyarsa ba, an dai bar neman waraka an koma nema masa sauƙi. Tushen kalmar daga Latin ne, pallium, ma'ana mayafi. Wani likitan Kanada, Balfour Mount, shi ya yaɗa ta a shekarun 1970, saboda masu Faransanci in sun ji hospice, sunan da ake kiran gidan irin wannan jinya, gidan gajiyayyu ke zo musu a rai. Ka ga su ma sai da suka yi ta laluben suna.

An kawo min "jinyar ajali". Ban karɓa ba. Wa ya san ajalin wani? Kuma wane ɗa ne za a ce masa an mai da mahaifinsa sashen ajali ya yarda? "Jinyar gargara" kuwa ta yi kaɗan, gargara ta sa'o'in ƙarshe ce, aikin nan yakan ɗauki watanni.

A duba abin da nas take yi tukuna. Duk bayan awa biyu tana juya majinyacin kada bayansa ya yi gyambo. In haɗiya ta gagara, sai ta jiƙa auduga ta shafa masa a leɓe. Mofin kuma, wato maganin kashe zafin ciwo, da agogo take ba shi, duk awa huɗu, ba ta jira sai ya fara nishi. Cicely Saunders ce ta dage kan wannan tsari. Ita ma nas ce kafin ta zama likita, ta buɗe gidan irin wannan jinya mai suna St Christopher's a Landan a 1967. Ga kuma dangi: nas ce ke zaunar da su ta ce kakarin da suke ji a maƙogwaronsa ya fi damun su fiye da shi. Shi ya sa "rage raɗaɗi" ya kama rabin aikin kawai.

Ni dai na tsaya kan "jinyar lallaɓawa". In aka tambayi jikin tsoho aka ce "ana dai lallaɓawa", kowa ya gane, ba tare da an ambaci mutuwa ba. Aibinta ɗaya, lallaɓa takan ɗauki ma'anar yi wa mutum wayo. Ma'aikatan jinya da ke nan, in kuka faɗa wa dangi haka, yaya za su ji ta?