Gran Turismo da batun buɗe rassa a ƙasashen waje: wanda ya taɓa aikin ya faɗi abin da ya gani

Mai Sitiyari:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tun zamanin PlayStation 3 masoya wasan tseren mota na Gran Turismo ke ja-in-ja kan ko ya kamata Polyphony Digital, kamfanin da ke yin wasan, ya buɗe manyan rassa a wajen Japan. Dalilin masu cewa a buɗe a fili yake. Tsakanin Gran Turismo 4 na 2004 da na 5 da ya fito a 2010, kamfanin Turn 10 na Amurka ya fitar da nasa wasan tseren, Forza Motorsport, har guda uku. Daga baya ma ba ta canza zani sosai ba: Gran Turismo 6 a 2013, Gran Turismo Sport (GT Sport) a 2017, na 7 sai 2022. Polyphony na da ƙananan ofisoshi a Amsterdam da Los Angeles, amma ainihin ginin wasan a Tokyo da Fukuoka ake yin sa. Hasashe dai mun sha jin sa. Abin da nake roƙo, duk wanda ya taɓa aiki a reshen wani kamfanin wasa, ko ya yi masa kwangila, ko sana'arsa ta haɗa shi da waɗannan wasanni, ya ba mu labari daga bakinsa.

Ɗan Cyberjaya:
Wa alaikumus salam Malam. Karatun zanen kwamfuta ya kai ni Malesiya, bayan na gama na samu aiki a wani kamfani da ke karɓar kwangilar zana motoci daga Turai. Ba zan kira sunansa ba. Aikin ba baƙo ba ne a yankin: Codemasters na Ingila ya buɗe reshensa na zane a Kuala Lumpur tun 2006, Glass Egg na Vietnam da Dhruva na Bangalore kuwa sun yi shekaru suna zana wa Forza motoci.

Ga yadda abin yake. Za a turo maka hotuna jibgi guda, wani lokaci da zanen awo na masana'antar motar. Ka gina bodi, ka shiga ciki ka yi kujeru, dashbod, sitiyari, har ɗinkin da ke jikin fatar kujera. Bayan haka ka sake yin motar kashi-kashi, wadda za a gani a kusa da wadda za a hango daga nesa, don kada na'ura ta gaji idan motoci sun taru a kwana ɗaya. Sannan ka ware bamba da bonet da gilasai, saboda su ne ke lotsewa ko su fashe idan an yi karo. Duk wannan, motar da nake zanawa ban taɓa ɗora hannuna a kanta ba.

Abin da ya fi cin rai shi ne jira. Tsakaninmu da Ingila awa bakwai ne ko takwas, gwargwadon lokacin shekara. Ka ga wani lanƙwasa a bayan mota wanda hoton bai nuna shi da kyau ba, ka aika tambaya da safe, su lokacin suna barci. Amsa ta zo kana haɗa kaya za ka tafi gida. Washegari ka gyara, ka tura, ya dawo da jan zane a wurare da dama, kuma bayan su akwai masana'antar motar da sai ta ce ta yarda. Tambayar da ba ta fi ƙarfin minti biyar ba a ofis ɗaya sai ta cinye kwanaki. Duk da haka motoci suna fitowa, kuma da yawa, domin muna da hannuwa. Idan yawan motoci ake nema, wallahi hanyar tana aiki.

Baban Gem:
Ni ban taɓa aiki a kamfanin wasa ba, gidan gem gare ni a Kano tun zamanin PlayStation 2, to abin da na sani shi ne abin da yara da manya ke yi idan sun riƙe pad. Mai son hayaniya Need for Speed yake nema, ya buga ya tashi. Amma akwai wasu mutane, galibi direbobi da masu gyaran mota, waɗanda Gran Turismo kaɗai suke zaunawa a kai. Abin da ke riƙe su shi ne wasan yana sa ka fara da ƙaramar mota irin wadda ka sani a titi, Civic ko makamanciyarta, ka ci jarrabawar lasisi, ka tara kuɗi a hankali, ka canza taya, ka canza salansa, ka ji motar ta sauya a hannunka. Har 'yan ƙananan motocin Japan irin Daihatsu Midget suna ciki, an zana su da mutunci kamar Ferrari. Wannan hali ne na mutanen da suka zauna wuri ɗaya shekara da shekaru ƙarƙashin Kazunori Yamauchi, wanda ya ƙirƙiro Gran Turismo, tun wasan farko na 1997. Tsorona, idan aka rarraba aikin ƙasa-ƙasa, za a samu wasa mai sauri da yawan kaya, amma ya koma kamar kowane. Miya idan hannuwa suka yi mata yawa, ko gishiri ya wuce ko ya gaza. Ni na yarda in jira.

Ɗan Cyberjaya:
Baba, na ji maganarka kuma akwai gaskiya a ciki. Amma ka tuna Gran Turismo 5. Motoci sama da 1,000 ne a ciki, kusan 200 kaɗai aka gina sababbi da cikakken ciki, sauran an ɗauko su ne daga wasannin PlayStation 2 aka ɗan goge. Yamauchi da kansa ya faɗa a lokacin cewa mota ɗaya tana cin wajen wata shida a hannun mai zane ɗaya. Ka lissafa da kanka. Ƙin miƙa aiki waje shi ma yana da farashi, kuma mai wasa ne ya biya shi.

Injiniya a Midlands:
Ina rubuta manhaja a wani kamfanin wasa a Ingila, kuma na yi aiki da reshenmu da ke wata ƙasa. Ina ganin ana cakuɗa abubuwa uku a wannan muhawara: ba da kwangila, buɗe reshe mai yi wa hedikwata hidima, da kuma miƙa wa wani gida wasa sukutum ya zama nasa.

Na ukun shi ne ya fi ba da sakamako a iya sanina. Turn 10 yana Redmond, Playground Games yana Leamington Spa ta Ingila, awa takwas a tsakaninsu. Ba a ce wa Playground su riƙa yi wa Motorsport bishiyoyi da shinge ba. An ba su Forza Horizon, wanda ya fara fitowa a 2012, suna amfani da injin wasa ɗaya da motoci iri ɗaya, amma shawarar yadda wasan zai kasance tasu ce. Da abin ya karɓu Microsoft ya saye su a 2018. Kuma ba a banza aka same su a nan ba. Codemasters yana Southam, tafiyar 'yan mintuna daga Leamington, ya yi shekaru yana yaye masu yin wasan tsere, to ƙwararrun suna nan a ƙasa.

Kishiyar wannan shi ne Ghost Games a Gothenburg ta Suwidin. Kamfanin EA, mai Need for Speed, ya ɗora musu wasan daga Rivals na 2013 har Heat na 2019, amma a 2020 ya mayar da wasan hannun Criterion a Guildford, kuma dalilin da ya bayar shi ne wahalar jawo ƙwararru zuwa Gothenburg. Buɗe ofis da sayen kujeru abu ne mai sauƙi. Samun mutumin da ya san yadda taya ke kama kwalta idan ta yi zafi, kuma ya iya mayar da hakan lissafi, shi ne aikin.

A namu ɓangaren, mun gwada raba lissafin motsin mota tsakanin ofis biyu, bai yi ba. Wannan aiki ne na mutum uku ko huɗu a ɗaki ɗaya da sitiyari a gabansu, wannan ya canza lamba, wancan ya zauna ya tuƙa, ya ce gaban motar yana zamewa, a sake. Da aka mayar da shi gida ɗaya, aka ba reshen dukan abin da ya shafi wasa ta intanet tare da ikon yanke shawara, sai rigima ta lafa.

Hajiya a Yokohama:
Sannunku da ƙoƙari. Ni ba 'yar gem ba ce, ɗana ne ke bugawa, amma na yi aikin tafinta a wani kamfanin manhaja na Japan da ke da reshe a Turai, shi ya sa na ga ya dace in sa baki. Abin da Injiniya ya faɗa na ba reshe iko, a nan ne gizo ke saƙar. A inda na yi aiki, ana gama shawara ne tun kafin a shiga taro. Mutum zai bi abokan aiki ɗaya bayan ɗaya ya ji ta bakinsu a kan shayi ko bayan an tashi, takarda ta zaga tebur-tebur kowa ya buga hatiminsa, sai a zo taro a sanar. Mutanen reshe ba sa cikin wannan zagayen. Su suna shigowa taron ta bidiyo da hujjojinsu a hannu, suna zaton yanzu za a fara tattaunawa, alhali an riga an rufe maganar. Na sha fassara wa mutum kalamai masu taushi waɗanda ma'anarsu a'a ce, shi kuwa ya tashi yana murna an ce za a duba. Raina yana ɓaci a irin wannan rana, domin babu mugu a cikinsu, kowa aikinsa yake so ya yi kyau.

Ku lura da inda Polyphony ya faɗaɗa bayan girgizar ƙasar 2011. Fukuoka ya tafi: harshe ɗaya, agogo ɗaya, jirgi ya kai ka cikin awa biyu. Ina jin sun san abin da suke gudu.

Mai Ɗaukar Sauti:
Ina zaune a Jamus, sana'ata ɗaukar sauti, kuma an taɓa ɗaukata haya in naɗi ƙarar motoci don wani wasa. Akwai aikin da dole sai an je inda abin yake. Ba za ka zauna a Tokyo ka naɗi kukan tsohuwar motar tsere da ke garejin wani attajiri a Italiya ba. Sai an roƙi mai ita, an nemi filin da babu hayaniya, an ɗaura makirufo a bakin salansa, a cikin inji, da kusa da kan direba, sannan a tuƙa ta da gaske a kowace giya, domin inji yana ɗauke da nauyi kukansa daban yake da wanda aka taka totur a tsaye. Rana ɗaya ta ruwan sama tana rusa shirin gaba ɗaya. Wanda ke zaune a yankin zai dawo jibi, wanda ya taso daga wata nahiya kuwa tikitinsa ya ƙone.

An daɗe ana kukan ƙarar injin Gran Turismo, kuma a 2015 Polyphony ya ɗauko ƙwararren sauti da ya yi aiki a Forza. Duk mai kunne ya ji bambanci daga GT Sport. Haka batun filayen tsere yake. Filin Nordschleife na Nürburgring a nan Jamus ya haura kilomita 20, ana auna shi da na'urar lesa taku bayan taku, kuma ana sake kwalta ana sauya shinge lokaci-lokaci. Kunos na Italiya, masu wasan tsere na Assetto Corsa, sun yi shekaru ofishinsu na cikin filin tsere na Vallelunga kusa da Rum, ƙaramar tawaga ce amma mota na wucewa ta bakin tagarsu. Irin wannan reshen nake goyon baya, ƙarami, kusa da motoci da filaye.

Abu Hanifa:
Kowa yana magana ta fuskar wasa, bari in yi ta fuskar ma'aikaci. Ina cikin wani reshe da aka rufe. Wasan da muka taimaka aka yi ya fito, an sayar, babu wanda ya ce aikinmu bai yi kyau ba. Lissafi ne ya canza a hedikwata, kuma idan za a rage mutane, waɗanda ba a haɗuwa da su a masallaci ko wurin cin abinci su ake fara tunawa. Ni bizata a ɗaure take da aikin, ga iyali, ga yara a makaranta. Abokan aikina 'yan ƙasa sun nemi wani wurin a hankali, ni kuwa agogo ne ke bina. Wannan ba sabon abu ba ne a harkar: Activision ya rufe Bizarre Creations na Liverpool a 2011, EA ya rufe Black Box na Kanada a 2013, Sony ya rufe Evolution Studios a 2016, dukansu gidajen wasan tsere ne da suka yi suna. Duk mai kiran a buɗe reshe ya haɗa da tambayar shekara nawa aka shirya riƙe shi.

Mai Sitiyari:
Allah ya musanya maka da mafi alheri, Abu Hanifa. Ɗan Cyberjaya, ƙanena na koyon zanen nan kuma motoci yake so. Da za ka sake zaɓa, gidan kwangila za ka shiga ko reshen kamfani?

Ɗan Cyberjaya:
Ya fara da gidan kwangila idan ya samu, domin a nan hannu ke faɗawa, mota bayan mota, kuma yana ganin ƙa'idar kamfanoni daban-daban. Amma kafin ya sa hannu ya tambayi abu biyu: za a sa sunansa a jerin waɗanda suka yi wasan, kuma za a bar shi ya nuna aikin bayan wasan ya fito? Mu ba a ba mu na biyun ba, na fito da gogewa amma babu abin da zan ajiye a gaban mai ɗaukar aiki. Yanzu dai ya ɗauki manhajar zane ta Blender, kyauta ce, ya zaɓi mota ɗaya da zai iya zuwa ya taɓa da hannunsa, ko ta maƙwabci ce, ya auna ta, ya ɗauki hotonta ta kowace kusurwa har ƙarƙashi, ya gina ta ciki da waje. Idan ya gama ka turo min ta akwatin sirri, zan duba masa layukan bodin.